Rasuwar Raƙuma, A-kori-kurar Gidan Malam Mahadi

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya hana ta ko kurɓar koko, Shafa'atu matar Malam Mahadi direba, ta Sabon Garin Gusau, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da matan Kekun Waje, da duk wanda ya taɓa ɗora ko ƙullin kuka ne a bayanta, cewa Raƙuma ta rasu. Raƙuma ita ce farar a-kori-kurar gidan. Ta cika ranar Litinin da hantsi a kan hanyar Kekun Waje, da dawar gida a bayanta, bayan doguwar jinyar da aka yi ta fama ba a gane ciwon ba. Ta tafi ta bar abincin shekarar gidan zube a bakin gona, kuma shi ya sa aka gaggauta fitar da wannan sanarwa tun hawaye bai bushe ba.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya. Da tsufanta ta shigo gidan, don ta zauna a hannun mutane da yawa kafin rabo ya kawo ta wurin Malam Mahadi. Malam ne ya sa aka ƙara mata safirin, ƙarafan nan masu ɗaukar nauyi, a baya don ta iya ɗaukar lodi, bayanta ya ɗaga sama, gabanta ya sunkuya. Ranar da ta fara shigowa layi a haka yara suka bi ta suna cewa ga raƙuma. Sunan bai sake ta ba har ta koma.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da rashin ƙyama. Ta ɗauki taki da safe, ta ɗauki kayan ɗakin amarya da yamma, ba ta bambanta ba. Ta ɗauki awaki zuwa kasuwar Tsafe, ta ɗauki yashin ginin masallacin unguwa ba a ba ta ko sisi ba. Ta kawo masu naƙuda asibiti daga ƙauye, akwai wadda ma ba ta jira an iso ba, ta sauka a bayanta a kan buhunan masara, yarinyar tana nan yanzu har ta fara tallar gyaɗa. Ta raka mutane da yawa maƙabarta a hankali, ba ta taɓa mutuwa a hanya da gawa ba. Ba a ce ba ta da hali ba. Da safe sai an lallaɓa ta, ta yi kyak-kyak-kyak, ta yi shiru, a tura ta zuwa bakin kwata, sannan ta ce burrum ta tashi unguwa gaba ɗaya. Takan bar ɗigon baƙin mai a inda ta kwana, wanda ba abin gori ba ne ga mai shekarunta. Hon ɗinta a shaƙe yake, fiiif, kamar mai mura, amma matan Kekun Waje suna gane shi tun daga nesa, su fito da ƙullinsu.

Ranar da hawan jini ya kayar da Malam Mahadi, ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta ɗauke, ita ce ta kai shi asibiti, ita ta dawo da shi. Daga ranar ita ta zama mai cefanen gida. Dogo, ƙanin Malam, ya karɓi sitiyari. Shafa'atu, wadda da ko tasha ba ta sani ba, ta yafa mayafi ta zauna kusa da shi, ita ke magana da masu kaya. Tuwon da aka ci a gidan tun daga lokacin, da maganin da Malam ya haɗiya, duk a bayan Raƙuma suka hau suka zo.

Ciwon ajali ya fara ne a ƙarshen damina. Da farko ɗan ƙaramin kuka ne, tsiy-tsiy-tsiy, kamar an kife tsako a ƙarƙashin kwando, kuma sai an yi mata lodi ta fara tafiya a hankali ake jinsa. Bayan nan sai ta ƙaro wani: duk sanda Dogo ya ɗaga ƙafa daga kuloci, sai a ji ƙwas a ƙasa. Daga baya kuma in ta miƙe hanya sai gurrrr, kujera tana rawa har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Aka rasa daga ina kukan yake fitowa. Dogo ya rantse daga gaba ne. Shafa'atu ta ce ƙarƙashin kujera ne. Matan da ke zama a kan buhuna suka ce, "Inna Shafa, wallahi a ƙarƙashinmu abin yake, har cikin ƙugu muke jinsa."

Mutum ɗaya ne a duniya ya san kukan Raƙuma kamar yadda uwa ta san na ɗanta, shi ne Malam Mahadi, kuma yana kwance a zaure. In ta karyo kwanar layi da lodi sai ya fara dukan tabarma da hannunsa mai lafiya, bakinsa yana motsi. Shafa'atu takan durƙusa ta kai kunne har kan leɓensa, ta ce, "Malam, faɗa min, ina ne?" Ba abin da ke fita sai iska. Ta sha tashi daga wurin ta shiga bayan gida don kada ya ga fuskarta.

Sai aka shiga neman magani. A gidan Malam Mahadi kuwa ba a kai mota gareji da ƙazanta. Tun yana da lafiya haka tsarinsa yake: a sauke kaya, a wuce wurin wanki, sannan a je gaban makaniki. Su ma makanikan haka suka fi so, don jak ba ya ɗaukar mota da lodi, kuma ba mai son ya kwanta a ƙarƙashi ƙasa tana zubo masa a ido. Shafa'atu ta riƙe wannan tsari da hannu biyu. Da kanta take sunkuyawa ta leƙa ƙarƙashi. Akwai wani dogon ƙarfe kamar bututu da ya taso daga giya ya nufi tayoyin baya, furofela suke ce masa. A gaɓarsa ta gaba ta ga wata jar ƙura ta daskare. Ta ce jar ƙasar hanyar Kekun Waje ce, ta sa masu wanki su kafa tiyo a wurin har sai ya yi fes. Ba za a ce motar Malam ta lalace da dauɗa don yana kwance ba.

Mas'udu na nan Gusau shi aka fara kai wa. Ya shiga ya zagaya da ita har shatale-tale ya dawo, Raƙuma ko tari ba ta yi ba. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Inna, wagga mota ai ta fi ni lafiya. To yi min kukan da baki in ji."

Shafa'atu, mace mai 'ya'ya da suka isa aure, ta tsaya a tsakiyar gareji cikin maza, ta kare baki da gefen mayafi, ta yi tsiy-tsiy-tsiy, ta yi ƙwas, ta yi gurrrr. Mai walda na gefe har ya ajiye ƙarfensa don dariya.

"Sake na ƙarshen, Inna."

Ta sake. Ya ce boris ne na tayar baya, zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya kwance ya sa sabo. Washegari aka yi mata lodin gero, ba a ko fita daga kasuwa ba tsakon ya dawo da kukansa.

Sai aka ce a je Tsafe wurin Muhammad Sani, wanda ya yi suna a gyaran aksul, wannan tukunyar ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya. Ranar kasuwa aka sauke awaki, aka wanke ta ciki da bai, aka kai masa. Ya ɗaga bayanta a jak, ya sa Dogo ya saka giya, tayoyi suna juyawa a iska. Ya kafa dogon sukundireba a jikin aksul, ya manna kunne a ƙotarsa, ya daɗe yana saurare kamar likita. Ya juye man, ya murza a yatsu, ya sansana. Sannan ya ɗago ya dubi Dogo.

"Kai Dogo, ko dai cikinka ne ke kuka kake ɗora wa baiwar Allah?"

"Wallahi Malam Sani da ka ji ta jiya da ka tausaya mana."

"Ni abin da kunnena ya ji nake gyarawa. Hajiya, man nan ya tsufa, zan canza shi, in sha Allahu shi ke nan."

"Ban je Makka ba tukuna," in ji Shafa'atu.

"Motar ga za ta kai ki."

Ba ta kai ta ko'ina ba. Kafin su bar Tsafe aka samu lodin waken soya, kuma tun daga bakin gari har Gusau gurrrr ɗin bai tsaya shan iska ba.

A nan ne Tambaya, maƙwabciyar Shafa'atu, ta shigo ta zauna a bakin murhu ta ce, "Ke Shafa, buɗe idonki. Motar da ke kuka gaban masu ita, ta yi tsit gaban makaniki, wannan ciwon ƙarfe ne? Baki ne. Mace ke tafiyar da mota a tasha, kina tsammani kowa ya ji daɗi?" Ta kawo ruwan tofi a jarka. Aka yayyafa a tayoyi, aka watsa sauran a ƙarƙashi, a daidai inda mata suka ce suna jin abin. Ranar kuwa aka yi nisa tsakon bai yi kuka ba. Shafa'atu ta toya waina ta raba sadaka. Ba a gama cinye wainar ba kukan ya dawo, ya ma ƙara murya.

Na ƙarshe shi ne Abdulaziz na Bungudu. Shi ma a wanke aka kai masa ita, ba ko buhu ɗaya. Ya shiga ƙarƙashi ya girgiza nan ya girgiza can, ya tarar salansa, bututun hayaƙi, ta saki, ya sa aka yi mata walda. Ya faɗi gaskiya, ya ce bai tabbata ita ce ba, amma ita ya gani. Ya ce in kukan ya dawo a kira shi.

Kukan ya dawo, amma kaka ta riga ta shigo, ba lokacin kiran kowa. Kowa ya san yadda kakar bana take a wajenmu. Ba a kwana a gona. Hatsin da aka sussuke aka bari a fili, masu fitowa daga daji ko su kwashe ko su cinna masa wuta. Direbobin tasha yawancinsu sun daina sauka daga kwalta. Raƙuma na cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da shiga, don haka kowa ita yake jira. Dokar Malam Mahadi ce a fara kwashe na mutane, na gida ya zo a ƙarshe, kuma Shafa'atu ba ta karya ta ba. Sawu bayan sawu, Dogo yana ƙure rediyo don kada ya ji, kukan yana fin rediyon. Gonar da ke haɗe da tasu, tarin dawarta ya wayi gari toka. Shafa'atu ta tsaya ta kalli tokar, ta kalli buhunanta a jere ƙarƙashin ɗorawa, ta dawo ta dafa marigayiya a goshi ta ce, "Ki daure, uwata. Saura namu kawai."

Ta daure iyakar ƙarfinta. Ranar Litinin aka ɗora mata sawun farko na dawar gida. An baro gona kaɗan, a gangaren da ke bayan kwalbati, sai ta yi wani kuka da ba a taɓa jin irinsa ba, ga-ga-ga-ga, sannan ɓarararas, sannan ƙum. Kan furofela ya saki ya faɗo, ya caki ƙasa, bayan motar ya yi sama ya dawo. Buhuna suka zube. Dogo ya bugi sitiyari da ƙirji, Shafa'atu ta fasa leɓe, ban da haka Allah ya kiyaye. Man giya ya riƙa bulbulowa a kan hanya. Injin bai mutu nan take ba, ya ci gaba da kaɗawa a hankali kamar bai san abin da ya samu sauran jikin ba, har sai da Dogo ya miƙa hannu ya murɗe makulli.

Abdulaziz ya zo a babur. Ya shiga ƙarƙashi, bai daɗe ba ya fito da wani guntun ƙarfe mai hannuwa huɗu, wanda ke haɗa furofela da giya, sunansa kuros. Hannu ɗaya ya karye, sauran sun cinye sun bushe ƙayau, jar ƙura ta rufe su. Ya shafo ta a yatsa ya nuna mata.

"Inna, wagga jar ƙura, tun yaushe take fita?"

"Tun ƙarshen damina. Ƙasar hanya ce. Kullum za a kai ta gareji sai na sa an wanke."

Sai ya zauna daɓas a ƙasa. "Ba ƙasa ba ce, Inna. Tsatsa ce. Kuros ne ya rasa giris yake cin kansa, ita ce alamarsa. Da na gan ta sau ɗaya da ban taɓa salansa ba. Kuma in ruwa ya shige shi sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Ga wanki, ga ba lodi. To mi za mu ji? Gyaran ko wuni ba ya ci."

"To a cikinku wa ya taɓa ce min in kawo ta da dauɗarta?"

Ya daɗe yana juya ƙarfen a hannu. "Ba wanda ya ce, Inna."

Giya ta fashe, aksul ya karkace, shasi, ƙashin bayan motar, ya tsage inda aka ƙara safirin. Aka kira Mas'udu a waya, aka kira Muhammad Sani, a karon farko bakinsu ya zo ɗaya: ba ta tashi. Da Shafa'atu ta koma gida ta durƙusa ta gaya wa Malam sunan ciwon. Ya rufe ido ya gyaɗa kai, hawaye ya gangara har cikin kunnensa. Ta gane tun farko abin da yake dukan tabarma a kai ke nan.

Shafa'atu ta yafe wa makanikan nan uku, tana kuma roƙon kada kowa ya zage su, kowa ya gyara abin da aka nuna masa. Masu cewa tsafta ce ta kashe Raƙuma, su je su faɗa a inda ba za ta ji ba. Har yanzu ba ta ga wanda ke kai majinyaci asibiti da kaya a ka, ba wanka ba.

Marigayiya ta rasu ta bar Malam Mahadi, wanda har yau in ya ji ƙarar mota a kwanar layi sai ya juyo da kai. Ta bar Dogo, da ba shi da sana'ar da ta wuce tuƙa ta. Ta bar Ma'u, autar gidan, da sauran yara. Ta bar jak ɗaya mai yoyo, da sifanu, da tamfol mai faci, da igiyar da ta fi shekara goma tana ɗaure kayan jama'a, da dutsen da ake tokare mata taya a gangare, wanda yanzu ba shi da aikin yi. Ta bar sabon boris da sabon man aksul da ba ta more su ba. Ta bar matan Kekun Waje da za su koma ɗaukar kaya a ka.

Ta kuma bar dawa. Buhunan da suka zube tare da ita 'yan babur sun taimaka sun kawo gida. Sauran, wanda shi ne mai yawan, yana can ƙarƙashin ɗorawa. Dogo yana zuwa da safe da ciwon ƙirjinsa ya zauna kusa da su, kafin la'asar ya dawo, don ba mai zama bayan la'asar. Kowace safiya Shafa'atu takan riƙe waya tana jiran ya isa ya ce suna nan. Ta shiga tasha ta bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda Malam ya koya wa tuƙi da waɗanda ya taɓa ja da igiya a daji. Kowa ya yi mata gaisuwa mai kyau, da ta roƙi a ɗauko mata dawar kowa ya sunkuyar da kai. Ba ta ga laifinsu ba, kowa yana da 'ya'ya. Amma in dawar nan ta tafi, ba mota, ba hatsi, ga mai jinya da ba ya shan magani sai ya ci abinci. Ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, kuma ba ta taɓa ƙwanƙwasa ta kowa ba.

Game da jana'iza, liman ya ja kunne cewa ba a yi wa ƙarfe salla, kuma an ji. Ba za a yi mata wanka ba, wankan da ta sha ya isa. Gawar tana nan a gefen hanya inda ta faɗi, an rufe ta da tamfol ɗinta. 'Yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun riga sun fara zagaye ta, an ce su dakata sai ranar Juma'a.

Za a karɓi gaisuwa ranar Alhamis, ba a gida ba, a bakin gona a Kekun Waje. A haɗu a ƙofar gidan Malam Mahadi da fitowar rana, a tafi ayari guda, don hanyar ta fi son taro. Kada kowa ya wahalar da kansa da goro ko ƙullin sadaka. Mai babur ya zo da babur ɗinsa da igiya. Mai keke mai ƙafa uku ya zo da ita. Mutanen Bungudu da ƙauyukan kusa, mai amalanke da mai jaki, Shafa'atu tana roƙonku don Allah. Duk wanda Raƙuma ta taɓa ɗauke wa kaya, ya zo ya ɗauke mata buhu ɗaya. In an zo wucewa ta wurin gawar, mai hon ya danna sau ɗaya, ba sai an tsaya ba.

Za a tashi kafin la'asar, ko an gama ko ba a gama ba. Duk buhun da la'asar ta tarar a fili, a haɗa shi da marigayiya a cikin addu'a.